Ina zaune a ƙasar waje, na samu fili a karkara: ta ina zan fara ginin gida?

Tambaya: Aiki ya kai ni wata ƙasa tare da iyalina, muna haya a cikin gari. Na ga fili a wani ƙauye mai sauƙin kuɗi, kuma raina ya kwanta da shi. Ina so in zana gidan yadda nake so, in gina a hankali, ba tare da na bar aikina ba. Ta ina zan fara? Kuma zai yiwu mu tare a filin tun ana gini don mu huta da kuɗin haya?

Amsa: Malam, sana'ata zanen gine-gine ce da sa ido a kan aikinsu, amma shawarar farko da zan ba ka ita ce ka ajiye batun zane tukuna. Gidan da ke cikin kanka yanzu ka zana shi ne da idon wurin da ka taso: zafinsa, ruwan samansa, irin maginansa. Filin da ka gani kuwa yana da nasa hali, kuma ba a sanin halin fili a ziyarar ranar hutu. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Abin da zan yi ta nanata maka shi ne, zaman da za ka yi a wurin shi zai zana gidan, ba hotunan da ka tara a waya ba.

Kafin wannan ma akwai takarda. Mutane da yawa suna ɗauka cewa tun da sun biya kuɗi an ba su rasit, fili ya zama nasu. A ƙasashe da dama doka ba ta yarda baƙo ya mallaki ƙasa ba sam, ko kuma ta sa masa iyaka. A Tailan baƙo ba ya mallakar fili, sai dai haya mai rajista da ba ta wuce shekara 30. Tsarin mulkin Filifin na 1987 ya keɓe mallakar ƙasa ga 'yan ƙasa da kamfanonin da kashi 60 cikin ɗari nasu ne. A Meziko baƙo ba ya riƙe fili da sunansa kai tsaye a cikin kilomita 50 daga bakin teku ko kilomita 100 daga kan iyaka, sai ta hannun banki a matsayin amana. Gana ta tsayar da hayar baƙo a shekara 50, Kenya kuma a shekara 99. Idan ka ji mai sayarwa ya ce "ba komai, sai a sa sunan wani ɗan gari", to ka sani gidan na mai sunan ne, ranar da kuka ɓata ko ya rasu magadansa za ka fuskanta. Ɗauki lauya naka na kanka, wanda ba dillali ne ya haɗa ku ba, ya je ofishin rajistar filaye ya duba wanda ke da filin, da ko akwai bashi ko rigimar gado a kansa. Filayen ƙauye sun fi na birni wannan matsala, domin sau da yawa gonar kaka ce da jikoki goma ke da haƙƙi a ciki, ɗaya ne kawai ya zo sayarwa.

Tambaya ta biyu da lauyan zai amso maka ita ce ko an yarda a yi gini a wurin. Arhar fili a karkara takan zo da dalili. A yawancin ƙasashen Turai an raba ƙasar noma da ƙasar gini a taswirar ƙaramar hukuma, kuma gona ba ta zama fuloti don kawai ka saye ta. A Faransa, alal misali, sai ka samu izinin gini daga ofishin magajin gari, ka kafa allon sanarwa a bakin filin, maƙwabta na da wata 2 su ƙalubalanci izinin, kuma idan faɗin daɓen gidan ya wuce murabba'in mita 150 dole sai mai zane mai lasisi ya sa hannu. Kowace ƙasa da nata, amma tambayar ɗaya ce. Ka kuma raba mallakar gida da izinin zama. Sayen fili ba ya ba ka damar zama a ƙasa. A yankin Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, mai bizar ziyara kwana 90 yake da su a cikin kowane kwana 180, ko da gida goma ya gina. Kai da aiki ya kawo ka, ka tambayi kanka: in aikin nan ya ƙare baɗi, takardar zamana za ta tsaya? In amsar a'a ce, to ka gina gidan da zai sayu cikin sauƙi.

Idan takarda ta yi kyau, sai ka ba filin shekara guda. Na san za ka ce ta yi yawa. Amma a cikin shekarar nan ana iya yin awon safiyo, gwajin ƙasa da neman izini, don haka ba zaman banza ba ne. Abin da nake so ka yi shi ne ka je filin a mafi munin lokutansa. Je ranar da aka kwana ana ruwa, ka sa takalmin roba ka zagaya, ka ga inda ruwa ke bi da inda yake kwanciya, ka kafa turaku a wuraren. Je a tsakiyar zafi da ƙarfe uku na rana ka tsaya inda kake tunanin ɗakin kwana. Je cikin sanyi da asuba. Ka kwana ko sau ɗaya ne kusa da wurin, ka ji abin da dare ke kawowa: ƙarar injin ban ruwa, warin gidan kaji da iska ke ɗaukowa, sauro. Ka gwada tuƙi daga filin zuwa wurin aikinka a ranar aiki, da kuma zuwa asibiti mafi kusa da dare. Ka duba ko waya na kamawa. Hanyar da ƙaramar motarka ta bi lafiya da rani, ka tambaya ko tifa cike da yashi za ta bi ta da damina, domin in ba za ta bi ba, kuɗin kowane kaya zai ƙaru, kuma wani lokaci aikin zai tsaya cak na watanni.

A wannan shekarar ne kuma za ka kalli tsofaffin gidajen ƙauyen da idon ɗalibi. Ina ƙofofinsu suka fuskanta? Wane bango ne ba shi da taga? Me ya sa rufinsu ya yi tsini haka, ko ya zarce bango da yawa? Me ya sa duk suka taru a kan tudu suka bar wannan kyakkyawan kwarin da aka yi maka tayi? Mutanen da suka gina su ba su da injiniya, amma sun sha ambaliya da guguwar wurin shekara da shekaru. Samu dattijo ɗaya ka tambaye shi iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa a saninsa. Wannan amsar ta fi taswira da yawa.

Yanzu ga zanen. Rana ce ke fara yanke hukunci. A ƙasa mai zafi ana shimfiɗa gida ta yadda tsawonsa zai bi gabas zuwa yamma, dogayen bangaye su fuskanci kudu da arewa, inda baranda ko bakin rufi zai iya yi musu inuwa. Bangon yamma shi ne abokin gaba, domin rana na dukansa a kwance lokacin da iska ta fi zafi, sai a rage tagoginsa a ajiye banɗaki ko sito a can. A ƙasa mai sanyi abin ya juya: manyan tagogi su fuskanci inda rana take da tsakar rana, wato kudu in kana arewacin duniya, arewa in kana kudancinta kamar Afirka ta Kudu ko Ostareliya. Kaurin bango ma ya danganta da wuri. Inda rana ke ƙuna dare kuma ya yi sanyi, bangon ƙasa ko dutse mai kauri yana shanye zafin yini ya sake shi bayan sa'o'i, ɗaki ya zauna daidai. Inda zafi ke haɗe da laima dare da rana, irin wannan bango ba ya samun lokacin hucewa, gara gida mara nauyi, ɗagagge daga ƙasa, da tagogi masu kallon juna don iska ta ratsa. Inda ake dusar ƙanƙara kuwa, kuɗinka zai tafi ne a abin tare sanyi cikin bango da rufi, kuma dole harsashi ya nutse ƙasa da inda ƙasa ke daskarewa, wanda a sassan Kanada ya wuce mita ɗaya.

Akwai misalai biyu da nake yawan ba mutane. Mai zanen gine-gine Francis Kéré ya gina makarantar firamare a ƙauyen Gando na Burkina Faso a 2001 da tubalin ƙasar wurin, ya ɗaga rufin kwano sama da silin ya bar tazara, iska mai zafi tana fita ta nan, ɗalibai suna karatu ba na'urar sanyaya ɗaki. Mutanen ƙauyen ne suka yi aikin, don haka sun san yadda za su gyara. A 2022 ya karɓi kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace girma a sana'armu. Ɗaya misalin kuma Hassan Fathy ne na Masar, wanda a shekarun 1940 ya gina sabon ƙauyen Gurna kusa da Luksor da tubalin laka. Gine-ginen sun yi kyau har yau ana zuwa kallonsu, amma akasarin waɗanda aka gina dominsu ba su yarda sun koma ba, domin hanyar abincinsu tana tsohon wurin. Gida yana iya yin daidai da rana da iska, ya kuma saɓa wa rayuwar masu shiga. Saboda haka ka zaunar da uwargida kafin ka zaunar da mai zane. Ita ce wataƙila za ta yini a gidan kana wurin aiki, a ƙauyen da ba ta jin yarensu sosai, ba mota ta biyu, makarantar yara na da nisan rabin sa'a. Na ga gidaje masu kyau da aka sa a kasuwa shekara biyu da gamawa, ba don rufi ya yi yoyo ba, sai don kaɗaici.

Ruwa shi ne abin da ɗan birni ya fi rainawa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta lita 50 zuwa 100 ga mutum ɗaya a rana don sha, girki, wanka da wanki. Mutum biyar a kan lita 60 lita 300 ke nan kullum, ban da lambu da dabba. In za ka tara ruwan sama, lissafin mai sauƙi ne: milimita ɗaya ta ruwa a kan murabba'in mita ɗaya na rufi lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 100 a wurin da ake samun milimita 800 a shekara zai ba da lita 80,000, ka cire kamar kashi ɗaya cikin biyar na asara, saura 64,000. Amma in wata biyar ake yi ba ruwa, sai ka tanadi tankin da zai riƙe lita 45,000, wannan kuwa gini ne mai zaman kansa da kuɗinsa. In rijiyar burtsatse za ka haƙa, tambayi maƙwabta zurfin tasu da ko tana ƙafewa, ka haƙa ta kafin ka fara gini, ka kai ruwan a gwada. Ginin kansa yana shan ruwa sosai, kuma in aka haƙa ba a samu ba, gara ka sani tun ba ka zuba harsashi ba. Ramin masai da sokawe su yi nesa da rijiya da aƙalla mita 30, su kuma kasance ta gangare, ba ta sama da ita ba. Haƙa ɗan rami ka cika da ruwa ka ga yadda ƙasa ke shanyewa. In ya kwana bai tsotse ba, yumɓu ne, sokawe na yau da kullum ba zai yi aiki ba, kuma irin wannan ƙasa da ke kumbura da damina ta tsage da rani ita ce ke fasa bango. Nan ne injiniya zai ci kuɗinsa da halali.

Wuta ba ta kai ruwa wuya ba. Tambayi kamfanin lantarki kuɗin jawo layi a rubuce, ka gwada da na sola. Ka dai yi lissafin sola da watan da rana ta fi ƙaranci. A Jamus abin da faranti ke bayarwa a Disamba yakan gaza kashi ɗaya cikin biyar na abin da yake bayarwa a Yuni.

Sai magina. Ra'ayina a nan ba ya canzawa: gina da abin da maginan wurin suka iya. In ƙasar masu katako ce, yi na katako. In ta masu jan bulo ce, yi da shi. Ranar da ka kawo salon da ba su saba ba, za su koya ne a kan gidanka da kuɗinka, kuma in abu ya lalace bayan shekara biyar ba mai gyara. Haka kayan da za ka so ka yi odarsu daga waje: famfo da zarensa bai dace da bututun ƙasar ba, ko injin da aka yi wa wuta mai ƙarfin volt 120 alhali ƙasar volt 230 take bayarwa. In yankin ana girgizar ƙasa, kada ka yi jayayya da dokar gini ko da ka ga maƙwabta ba su bi ba. Girgizar da ta auka wa tsaunukan Atlas na Maroko a Satumban 2023 ta kashe mutum kusan 3,000, akasari a ƙauyuka, cikin gidajen ƙasa da dutse da ba abin da ya ɗaure bangayensu. Ɗamarar kankare da rodi da ke zagaye gida a saman bango ba ado ba ce.

Kada ka zaɓi ɗan kwangila don yana jin yarenka. Wannan tarko ne da baƙi ke faɗawa kullum, domin daɗin samun wanda za a yi hira da shi yakan rufe ido. Je ka ga gidan da ya gina shekara biyar da suka wuce, ka yi magana da mai gidan shi kaɗai. Yarjejeniya ta kasance a rubuce cikin harshen da kotun ƙasar ke aiki da shi, a fassara maka. A biya kuɗi mataki-mataki bayan an ga aiki: harsashi, bango zuwa linta, rufi, wayarin da famfo, yaɓe, gamawa. Kafin alƙalami kada ya wuce na sayen kayan matakin farko. Ka riƙe kamar kashi 5 cikin ɗari sai gidan ya ga damina ko hunturu ɗaya. Wasu ƙasashen doka ta tsaya maka, kamar Faransa inda dokar 1978 ta ɗora wa magini alhakin manyan lahani na shekara 10 tare da tilasta masa inshora, amma sai ka karɓi shaidar inshorar kafin a fara, kuma wanda ya yi maka aiki a bayan fage don gudun haraji ba abin da za ka kama shi da shi.

Tun da kana aiki, ba za ka tsaya a kan gini kullum ba, kuma ba sai ka tsaya ba. Akwai ranakun da ba a fashinsu, su ne ranakun da ake rufe abin da ba za a sake gani ba. Ranar da aka ja igiya aka fitar da gidan a ƙasa, je da tef ka auna da kanka, ka tabbatar bai shiga iyakar maƙwabci ba. Kafin a zuba kankare, je ka ga rodin, ka ƙirga, ka ga an ɗaga shi daga ƙasa da 'yan duwatsun siminti don kankare ya lulluɓe shi. Kafin a yi yaɓe, ɗauki hoton kowane bango da bututu da wayoyinsa. A ranar zubi ka sa ido kan ruwa: leburori na son ƙara ruwa don kwaɓin ya yi laushin zubawa, ruwan nan kuwa ƙarfi yake ragewa. Kankare ba bushewa yake yi ba, haɗuwar siminti da ruwa ce ke ƙarfafa shi, shi ya sa ake jiƙa shi aƙalla kwana 7. A lokacin ya kai kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, cikakken awonsa kuma a kwana 28 ake yi. In sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5, a dakata da zubi sai an yi tanadi. Siminti kuma kada ka saya da yawa don gudun tashin farashi, yana shan laima ya dunƙule, bayan kamar wata uku ƙarfinsa ya fara raguwa. Sauran ranakun, hoton da za a turo maka ta WhatsApp da yamma ya isa. Koyi sunayen kayan gini da yaren wurin, kalma hamsin ma sun isa su canza yadda ma'aikata ke kallonka. Ka kuma san kalandarsu: a ƙauye lebura manomi ne, lokacin shuka da girbi ba za ka gan shi ba, a Italiya da Faransa kuwa kamfanonin gini da yawa sukan rufe a watan Agusta.

Maƙwabta su san ka kafin su ga tifa. Hanyar da ta ratsa filinka wataƙila ita ce ta dabbobinsu ko ta zuwa gonakinsu tun kafin a haife ka, kuma a dokokin ƙasashe da yawa irin wannan haƙƙin wucewa yana bin fili ko an sayar da shi. Katanga a ranar farko ita ce hanya mafi sauri ta yin abokan gaba. Su ne za su ga wanda ya zo kwasar rodi da dare, su ne kuma za su jawo motarka in ta kafe.

Batun kuɗi gajere ne. Ware kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a gefe don abin da ba a zata ba. Ranar da aka ɗora rufi za ka ji kamar an gama, alhali sau da yawa kusan rabin kuɗin na gaba, domin tagogi, ƙofofi, tayil, wayarin da banɗaki su ne masu cin kuɗi. In albashinka ko ajiyarka da kuɗin wata ƙasa suke, canji na iya cinye maka ɗaki guda cikin wata shida. Maganin duk wannan shi ne ƙaramin gida da aka zana don ya girma: ɗaki biyu, falo, kicin da banɗaki, a gama su tsaf, a bar gefen da za a ƙara.

Wannan ya kawo mu tambayarka ta ƙarshe. Zama a filin yana rage haya, yana rage sata, aiki kuma yakan yi sauri in mai shi na nan. Amma ban yarda a kai iyali cikin kango ba. Ƙurar siminti, ramuka a buɗe, rodi a tsaye, wayoyi tsirara, ba wurin yara ba ne. Janareto ko gawayi a cikin ɗakin da aka rufe tagoginsa da leda yana kashe mutane cikin barci, domin iskar da yake fitarwa ba ta da wari. Ga kuma abin da na sha gani: da zarar an tare, gini ya tsaya, a shekara goma ana kallon bango ba fenti. In dole ne, to fara da ƙaramin sashe mai zaman kansa, wanda daga baya zai zama ɗakin baƙi ko sito, da ruwansa da banɗakinsa da ƙofa mai kulle, a kewaye shi daban da wurin aiki. Ka fara tambayar hukuma, domin wurare da yawa ba a yarda a zauna a gida ba sai an duba shi an ba da shaidar kammalawa, inshora ma tana iya ƙin biyan gobarar gidan da ba shi da ita. Kada ku tare a bakin damina ko hunturu.

Idan an gama, ka haɗa takardar fili, izinin gini, zanen yadda aka gina a zahiri, hotunan cikin bango da rasitai a wuri ɗaya, uwargida ta san inda suke. Ka kuma koma wurin lauyan kan batun gado. A yawancin ƙasashen Tarayyar Turai, tun Agustan 2015, dokar ƙasar da mutum yake zaune ce ke raba dukiyarsa, sai in ya rubuta a wasiyya cewa ya zaɓi dokar ƙasarsa ta asali. A wasu ƙasashen kuma hayar filin da aka ba baƙo ba ta wucewa ga 'ya'yansa sai an rubuta hakan a cikin yarjejeniyar tun farko, don haka a duba wannan sakin layin kafin ka sa hannu.